Adashe, akwati, gama kai, rumbun tsimi ko waƙafi: wanne ya dace da unguwarku?

Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, aka kuma saki naira a watan Yuni, babu gidan da bai ji a jikinsa ba. Dalar da gwamnati ke canzawa a kan kusan naira 460 ta haura 1,500 a 2024. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a watan Disamba na wannan shekarar. Tun kafin a zo nan ma, a 2022, hukumar ta ƙirga mutum miliyan 133 da talauci ya yi wa katutu ta fuskar abinci, lafiya, ilimi da muhalli, kuma mafi yawansu a Arewa suke.

Gyaran naira da wutar lantarki da tsaro aikin gwamnati ne, ba wanda zai ɗauke mata shi. Amma tattalin arzikin ƙasa ba a Abuja kaɗai yake zaune ba. Yana cikin tukunyar mai ƙosai, da injin mai niƙa, da rumbun manomi. Shi ya sa a majalisu da ƙungiyoyin unguwa da na mata ake ta maimaita magana ɗaya: mu haɗa abin da ke hannunmu mu yi wani abu. Inda ake rabuwa shi ne wane abu. Wannan ya ce adashe, wancan ya ce a yi rajistar ƙungiya, dattijo ya ce a sayi hatsi a ajiye, malam ya ce waƙafi. A tashi taro ba a tsayar da komai ba. Idan kuna cikin wannan hali, ga yadda nake ganin ya kamata ku auna.

Ma'aunin da za mu yi amfani da shi

Abu huɗu kowa ya san su: nawa za a kashe kafin a fara, shekara nawa abin zai yi yana aiki, yaya wahalar tafiyar da shi, sannan ta ina asara za ta iya shigowa. Ni na ƙara guda biyu, domin a yau su ne masu raba gardama. Na farko, idan farashi ya tashi, kuɗin zai narke ne ko zai bi farashin? Na biyu, shin abin yana haifar da sabon arziki a unguwa, wato aikin yi da kayan sayarwa, ko kuwa kuɗi ne kawai ke fita daga wannan aljihu zuwa wancan? Maganar kuɗin ruwa kuma zan taɓo ta a inda ta taso, don na san ita ce ke hana mutane da yawa shiga irin waɗannan tsare-tsare.

Ban sa ƙaramin banki, wato microfinance, a jerin ba, da gangan. Mafi ƙanƙantar lasisin irin wannan banki da Babban Bankin Najeriya ke bayarwa yana buƙatar jarin naira miliyan 50, kuma a 2023 bankin ya soke lasisin irin waɗannan bankuna fiye da 100. Wannan ba wurin da talakawan unguwa za su fara ba ne.

Adashe

Ba sai na yi bayaninsa ba. Ba a kashe ko sisi wajen farawa, ba rajista, ba ofis. Uwar adashe mai amana da littafi ɗaya sun isa. Babu kuɗin ruwa a ciki. Ya aurar da 'ya'ya, ya biya kuɗin haya, ya saya wa mutane keken ɗinki tun zamanin kakanninmu.

Sai dai tsadar rayuwa ta tona masa asiri. Ku ɗauka mutum 20 ne, kowa na zuba naira 5,000 a wata, kwasa ɗaya 100,000. Idan farashi na tashi da kashi 30 cikin ɗari a shekara, wanda ya kwasa a watan ƙarshe zai karɓi 100,000 ɗin nan cif, amma abin da za ta saya masa ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku idan aka kwatanta da na wanda ya fara ɗauka. Ba wanda ya cuce shi, lissafi daidai yake, amma ya yi asara. Kuma yawanci mai haƙuri ko marar baki ake turawa ƙarshe. Ga kuma tsohuwar matsalar: wanda ya kwashe da wuri ya fara wasan ɓuya da zubi. Adashe ba ya tara jari na bai ɗaya, idan zagaye ya ƙare komai ya ƙare. Idan za ku yi, ku gajarta shi, kada ya wuce wata uku ko huɗu, a kuma yi ƙuri'a wajen jerin kwasa.

Asusun akwati, irin na Mata Masu Dubara

Wannan namu ne, a ƙasar Hausa aka haife shi. Ƙungiyar CARE ce ta fara shi da matan karkara a jihar Maraɗi ta Nijar a 1991, da sunan Mata Masu Dubara, daga nan ya bazu zuwa ƙasashe da dama a Afirka da wajenta. Adashe aka ɗauka aka yi masa gyara.

Mutum 15 zuwa 30 da suka san juna suke haɗuwa duk mako. Ana yanka farashin hannun jari, kowa ya sayi ɗaya zuwa biyar gwargwadon ƙarfinsa a wannan makon, a buga masa hatimi a ɗan littafinsa. Kuɗin na shiga akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku. Makullan suna hannun mutum uku daban-daban, akwatin kuma yana gidan mutum na huɗu wanda ba shi da makulli. Ba a buɗe shi sai a gaban kowa, a ƙirga da ƙarfi kowa na ji. Mai buƙata ya ci bashi, yawanci bai wuce ninki uku na abin da ya tara ba, ya biya cikin kamar wata uku. Akwai kuma ƙaramin asusu na daban don haihuwa, rashin lafiya ko rasuwa, wanda taimako ne ba bashi ba. Bayan wata tara zuwa shekara sai a fasa, kowa ya ɗauki nasa da ribar da ta hau kai.

Ku duba abin da wannan ke iya tarawa. Mata 25, hannun jari naira 500, kowace na sayen biyu a mako: 25,000 ke nan duk mako, cikin mako 48 an tara miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu. Kuma kuɗin ba kwance yake ba, yana hannun mai ƙuli-ƙuli da mai kiwon kaji yana juyawa. Bambancinsa da adashe ke nan: kina ɗauka ranar da kasuwa ta buɗe miki, ba ranar da layi ya zo kanki ba.

Kuɗin farawa kaɗan ne: akwati, kwaɗo uku, littattafai da hatimi. Abin da ya fi tsada shi ne lokaci, domin zagayen farko yana son wanda ya san tsarin ya zauna da ku har ku gane.

Yanzu ga inda ake tsayawa. A tsarin asali mai cin bashi yana ɗora wani kaso duk wata, wanda 'yan ƙungiya ke yankawa da kansu. Musulmi da yawa ba za su yarda da wannan ba, kuma suna da hujja, ko da kuwa ribar gida za ta dawo. Akwai mafita. Maimakon a ba Hajiya kuɗi ta dawo da ƙari, ƙungiya ta sayi buhun gyaɗar da take so, ta mallake shi, sannan ta sayar mata a kan farashin da aka sani tun farko, ta biya kaɗan-kaɗan. Wannan shi ne murabaha, irin cinikin da bankin Jaiz ke yi tun da ya buɗe a 2012. Ko kuma a bar bashin ba ƙari, a nemi riba ta hanyar sarin sabulu, omo da man girki a sayar wa 'yan ƙungiya. Ku kai tsarin gaban malamin da ya san fiƙihun ciniki kafin zubin farko, ba bayan rigima ta tashi ba.

Haɗarin tsarin akwati biyu ne. A makonnin ƙarshe akwati na cika, kuma a garuruwan da 'yan bindiga ke shiga wannan ba ƙaramin abu ba ne. Inda banki ko wakilinsa ke kusa, gara a buɗe asusu mai sa hannun mutum uku. Na biyun shi ne kwaɗayi: wani ya zo da labarin inda kuɗi ke ninkawa cikin wata guda. Waɗanda suka zuba a MMM a 2016 da CBEX a 2025 sun san ƙarshen irin wannan labari. Ku rubuta a dokarku cewa kuɗin akwati ba ya fita wajen 'yan ƙungiya.

Iyakarsa kuma a fili take. Tun da ana fasawa duk shekara, ba zai saya muku injin casar shinkafa ba.

Ƙungiyar gama kai mai rajista

Nan ne ake maganar samar da arziki da gaske, nan ne kuma aka fi faɗuwa. Najeriya ta yi dokar gama kai ta farko tun 1935, wadda ake aiki da ita a tarayya kuma ta 1993 ce. Mutum goma sun isa su yi rajista a ofishin daraktan ƙungiyoyin gama kai na jiharsu. Da zarar an yi, ƙungiya ta zama mai cin gashin kanta a idon doka: za ta iya mallakar fili da inji da sunanta, ta buɗe asusun banki, ta ƙulla ciniki da kamfani, ta kai ƙara kotu. Kowane ɗan ƙungiya ƙuri'a ɗaya gare shi, komai yawan jarinsa. Dokar ta kuma ce a ware kashi ɗaya cikin huɗu na riba a ajiye.

Wanda ke shakkar ko irin wannan na iya taɓa tattalin arzikin ƙasa, ya dubi Indiya. A 1946 masu shanu a garin Anand na jihar Gujarat suka gaji da 'yan tsakiya da ke karya musu farashin madara, suka kafa ƙungiyarsu. Ita ce ta zama Amul, wadda a yau makiyaya fiye da miliyan 3 suka mallaka, kuma tsarinta na cikin abin da ya sa Indiya ta wuce kowace ƙasa samar da madara. Mu da muke da shanu daga Sakkwato har Mambila, muna kuma kashe dala wajen shigo da madarar gari, ya kamata wannan ya tsaya mana a rai. Haka tumatirin Kadawa da ke ruɓewa a kwando lokacin da ya yi yawa, da shinkafar da ake kwasa da ɓawonta a kai wani wuri a gyara. Ribar tana wajen sarrafawa, sarrafawa kuma tana son inji, inji kuma ya fi ƙarfin mutum ɗaya.

To me ya sa namu ke mutuwa? Saboda da yawa ba don aiki aka kafa su ba, don karɓar rabo ne. Da aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Anchor Borrowers a Kebbi a watan Nuwamba 2015, ƙungiyoyi sun yi ta tsirowa kamar ciyawar damina. Wasu manoman gaske sun amfana, amma mutane da yawa sun ɗauki bashin a matsayin rabonsu na arzikin ƙasa, Babban Banki ya yi ta fama a biya. Da famfon ya ƙafe, ƙungiyoyin suka bi shi. Ƙungiyar da takardar rajista ta riga zubin 'yan ƙungiya zuwa duniya, ba ta cika yin rai ba.

Na taɓa zama a wata ƙungiya da ta sayi injin niƙa da guminmu. Shekarar farko muka raba ribar kakaf, kowa na murna. Da injin ya tsaya, babu kuɗin gyara, babu kuma wanda ya yarda ya sake zubawa, har tsatsa ta cinye shi. Ba wanda ya saci komai. Rashin ware kuɗin gyara da na canjin inji ne ya kashe mu, kuma har yau abin na yi mini ciwo.

Saboda haka tsadar gama kai ba kuɗin rajista ba ne, wannan mai sauƙi ne. Tsadar ita ce jarin inji, da albashin mai kula da shi, da mai rubuta lissafi wanda ba ɗan'uwan shugaba ba, da binciken kuɗi duk shekara, da zaɓen da ake yi a kan lokaci. Idan an tsare waɗannan, za ta iya wuce waɗanda suka kafa ta. Kuma hauhawar farashi ba ta cin inji da fili yadda take cin takardar kuɗi.

Rumbun tsimi

Kowane manomi ya san wannan zagayen: da kaka ya sayar da gero da arha don biyan bashi da hidimar biki, da damina ya dawo ya sayi geron nan da tsada, ko ya faɗa hannun mai ba da kaka. Rumbun tsimi na gari yana tare wannan ɓarakar. A sayi hatsi ko a tara shi da kaka, a fitar da shi lokacin da rumbuna suka yi ƙasa, a sayar wa mutanen gari da sauƙi ko a ranta musu. Nijar ta daɗe da bankunan hatsi tun bayan farin shekarun 1970, kuma daga ƙarshen shekarun 1990 aka yaɗa tsarin jinginar da hatsi: manoma su zuba buhunansu a sito mai kwaɗo biyu, makulli ɗaya a hannunsu ɗaya a hannun mai ba da bashi, su karɓi kuɗi su yi sana'ar rani, su fanshi kayansu lokacin da farashi ya tashi.

Yana son jari mai kauri a lokaci ɗaya, da sito marar yoyo, da mai gadi. Maganin ƙwari ya samu sauƙi da buhun PICS mai leda biyu a ciki, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙira, yana tsare wake ba tare da an zuba masa guba ba.

Amma kada a ɗauka farashi kullum sama yake yi. A 2024 gwamnati ta ɗage harajin shigo da masara, shinkafa da alkama na kwana 150, kuma a 2025 farashin hatsi ya faɗi har waɗanda suka ajiye da tsada suka tafka asara. Ƙungiyar da ta ci bashi ta cika sito a irin wannan shekara ta shiga uku. Akwai kuma tambayar da ya kamata ku amsa tsakaninku da Allah: don ciyar da gari kuka ajiye, ko don jiran yunwa ta yi tsanani? Na biyun ɓoye abinci ne, kuma addini ya yi hani da shi. Wani abin da ke rusa rumbu shi ne kunya: a ranta wa surukin mai gari, ba mai iya tambayarsa.

Waƙafi

Shi ne mafi daɗewa. Sayyidina Usman ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa jama'a. Sayyidina Umar ya tsare gonarsa ta Khaibar bisa shawarar Annabi (SAW): ba a sayarwa, ba a kyauta da ita, ba a gado, amfaninta kawai ake rabawa. Jihohi irin su Sakkwato da Kano suna da hukumomin zakka da waƙafi, wanda a Kano ake kira hubusi.

Ga unguwa, ma'anarsa ita ce shaguna ko gona ko rijiyar burtsatse da kuɗin hayarsu zai riƙa biyan kuɗin makarantar marayu, ko koya wa matasa sana'a, ko zama jarin bashi marar ruwa. Haya tana bin farashi, don haka ba ya narkewa. Sai dai wanda ya bayar ya bayar ke nan, ba mai samun riba. Babban abokin gabarsa magada ne da rashin takarda. A rubuta, a sa shaidu, a yi wa amintattu rajista a Hukumar Rajistar Kamfanoni, a kuma ware kason gyara kafin a raba komai.

| | Kuɗin farawa | Ɗorewa | Sauƙi | Babban haɗari | Tsadar kaya | Sabon arziki |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Adashe | Babu | Zagaye ɗaya | Mai sauƙi ƙwarai | Gudun zubi | Tana cinye shi | Kaɗan |
| Akwati | Kaɗan | Shekara-shekara | Mai sauƙi bayan horo | Sata, bashin da ba a biya ba | Yana ɗan jurewa | Ƙananan sana'o'i |
| Gama kai | Mai yawa | Shekaru masu yawa | Mai wahala | Shugabanci, rashin gyara | Yana jurewa | Mai yawa |
| Rumbun tsimi | Mai yawa, lokaci ɗaya | Ya danganta da biyan rance | Matsakaici | Faɗuwar farashi, ƙwari | Yana bin kasuwa | Yana tsare na hannu |
| Waƙafi | Kadara ko gudummawa | Ya wuce rayuwar mai shi | Wuyar kafawa, sauƙin riƙo | Magada, sakacin amintattu | Yana jurewa | Ya danganta da inda aka sa |

Wa ya dace da wanne

Idan ku 'yan kasuwa ne ko ma'aikata da kuke son dunƙulallen kuɗi nan kusa, ku yi gajeren adashe, kada ku ɗora masa burin da ya fi ƙarfinsa.

Idan mata ne ko matasa masu ƙananan sana'o'i, ko kuma ba ku taɓa riƙe kuɗin juna ba, akwati za ku fara da shi. Ni a ganina wannan ce amsar mafi yawan masu wannan tambaya, har da waɗanda idonsu ke kan inji. Shekara biyu na zubi duk mako za su nuna muku wa ke biyan bashi, wa ke zuwa taro, wa ya iya lissafi, kuma babu ofishin da zai sayar muku da wannan sanin.

Idan sana'arku ɗaya ce, masu shinkafa ko masu madara ko maɗinka, kun riga kun gwada amanar juna, kuma kun san wanda zai sayi kayanku, to ku yi rajistar gama kai. Ku nemi kasuwa kafin inji, ku tara naku kafin ku nemi na gwamnati.

Idan ƙauye ne da yunwar damina ke tura mutane hannun masu ba da kaka, rumbun tsimi ya fi komai gaggawa, amma da hatsinku da kuɗinku, ba da bashi ba, kuma a shekarar farko kada ya wuce abin da garin zai iya ci.

Idan kuma Allah ya ba ku attajiri mai niyya, ko 'yan gari mazauna Legas, Abuja ko Saudiyya da ke aiko da taimako duk azumi, ku roƙe su su mayar da rabon shekara ɗaya shago biyu na waƙafi. Kuɗin hayar a zuba shi a matsayin jarin bashi marar ruwa ga ƙungiyoyin akwatin da suka kammala zagaye biyu ba tare da an bi su ko naira ɗaya ba.